Tumbin Ma'aikaci: Daula Ko Cuta?

A ƙasar Hausa, in ma'aikaci ya sami ƙarin girma ya soma ajiye tumbi, sai ka ji ana cewa daula ta karɓe shi. Likitoci kuwa kallon majinyaci suke yi masa. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa. Awonta ba wuya: mai tsawon mita 1.7, in nauyinsa ya kai kilo 87, to, ya shiga sahu.

Iyayenmu sun ci tuwo sun sha fura, amma noma da tafiyar ƙasa suka narkar da su. Ma'aikacin yau daga mota sai kujera, fayil ma masinja ke ɗauko masa, ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba da soye-soye. Kitsen ciki ya fi kowane haɗari, domin yana hana sinadarin insulin aiki sosai, sai ciwon sukari ya shigo, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki su biyo baya.

'Yan makaranta ma ba su tsira ba. Tsakanin masu shekara 5 zuwa 19, masu ƙiba a duniya sun tashi daga kashi 2 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 8 a 2022.