Lissafin Iyakar Ƙara Girma a Gilashin Kyamara

Kowane gilashin kyamara, wanda masu hoto ke kira lensi, yana da iyakar girman da zai iya fito da ƙaramin abu. Ana auna wannan iyaka ne da kwatanta abu biyu: girman hoton da ya faɗa a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da ainihin girman abin da aka ɗauka. Idan ƙwaro mai tsawon milimita 10 ya fito da tsawon milimita 10 a kan sensa, an samu 1:1. Idan ya fito da milimita 5, an samu 1:2, ko 0.5x. Girman da hoto ya yi a allon kwamfuta ko a takarda ba ya shiga wannan lissafi.

Masu ɗaukar hoto a Kasalgu da sauran unguwannin Tamale a Gana sun fi yin aikin biki da suna, amma akwai aikin da ke neman kusanci: saƙar rigar batakari, ɗinkin dukawa, da ƙwarin amfanin gona. Tsutsar masara da ta ɓulla a Gana a 2016 ana gane ta ne da alama mai kamar harafin Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Malamin gona da ke son masana irin na cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala su tantance tsutsa daga hoto, dole gilashinsa ya iya fito da waɗannan alamu.

Hanya mafi sauƙi ta gano iyakar gilashi ita ce ta rula. Ana juya zoben saiti zuwa tazara mafi kusa, sannan a matso da kyamara gaban rula har layukan milimita su fito tar. A ɗauki hoto, a ƙirga milimita nawa suka shiga daga gefe zuwa gefe, a raba faɗin sensa da wannan adadi. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ƙaramar da ake kira APS-C faɗinta milimita 22.3 ne a Canon, kimanin 23.5 a Nikon da Sony. Idan milimita 62 na rula suka cika sensar 22.3, amsa ita ce 0.36x, kuma haka Canon ya rubuta wa gilashinsa na EF-S 18-55mm IS STM. Gilashi mai zuƙowa irin wannan akan gwada shi a lambarsa mafi tsawo, domin galibi a can iyakar take.

Hanya ta biyu lissafi ne da lambobin da ke jikin gilashi: tsawon fokas, wato lambar milimita da ke cikin sunan gilashin, da tazara mafi kusa. Ana auna tazarar daga sensa, inda aka zana ɗan da'ira da layi ya ratsa a saman kyamara, ba daga bakin gilashi ba. A ƙara 1 a kan ƙarfin girman, wato lamba irin 0.36x, a ninka abin da aka samu da kansa, a ninka da tsawon fokas, a raba da ƙarfin girman; amsar ita ce tazara. Canon EF 50mm f/1.8 STM yana da 0.21x. Ninka 1.21 da 1.21 da 50, a raba da 0.21, ya ba da milimita 349, daidai da mita 0.35 da kamfanin ya rubuta. Wanda tazara kaɗai ya sani sai ya riƙa gwada lambobi har amsa ta dace da ita.

Wannan lissafi yana da rauni. A ƙa'idarsa, gilashin 100mm zai kai 1:1 a santimita 40, amma gilasan makuro na Canon, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa, masu wannan lamba suna kaiwa a wajen santimita 30. Dalili kuwa sassan ciki ne ke motsi yayin saiti, tsawon fokas yana raguwa. Don haka amsar rula ta fi zama abin dogaro.

Ana iya ɗaga iyakar da zoben ƙari, wani bututu marar gilashi da ake sawa tsakanin kyamara da lensi. Ƙarin da yake bayarwa shi ne tsawonsa a raba da tsawon fokas: zoben milimita 25 a kan gilashin 50mm yana ƙara 0.5, sai 0.21x ya koma kimanin 0.7x. Ƙwaron wake mai milimita 3, wanda da bai kai milimita 1 a kan sensa ba, zai wuce 2. Mai neman fiye da haka akwai Canon MP-E 65mm na 1999, mai kaiwa 5:1.

Ƙarin girma yana da farashi. A 1:1 hasken da ke isa sensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, wurin da ke fitowa tar ya kan zama milimita ɗaya ko biyu, rawar hannu kaɗan kuma tana ɓata hoto. Shi ya sa ake buƙatar ƙafar kafa kyamara da isasshen haske. Kafin sayen sabon gilashi, a raba faɗin sensa da tsawon abin da ake son ɗauka. Lambar da ta fito ita ce girman da ya kamata a nema.