Kafin Ka Sayi Jirgin Ruwa Na Hannu

Duk mazaunin Kalambaina ya saba da rugugin manyan motocin da ke dakon siminti, kuma kanikawan wurin sun san injinsu ciki da bai. Amma wanda ya sayo tsohon jirgin ruwa domin fito a Gulbin Rima, in injinsa na dizal baƙo ne a ƙasar nan, zai iske wannan ƙwarewar ba ta wadatar da shi ba.

Injin da Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a 1897 ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sannan a feso mai ya kama da kansa. Saboda haka a tayar da injin yana sanyi. In ya yi gardama, mai yiwuwa matsin ya ragu. A kuma lura da hayaƙi: baƙi na nufin man bai ƙone sosai ba, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin man da ya koma kamar madara, ruwa ya shige shi.

Da ruwan gulbi injin ke huce zafinsa, kuma yashin damina yana cinye robar famfon da ke jawo ruwan. Ƙaramar aba ce, amma in babu irinta a kasuwar Sakkwato ko Kano, jirgi ya zama kwale-kwale. Mutuwar inji a tsakiyar ambaliya kuwa batun rayukan fasinjoji ne. Don haka a fara tambayar kayan gyara kafin a tambayi farashi, domin araha ba ta ado.