Tabon Tiyata da Mabiyiyar da Ke Tare Bakin Mahaifa

A yawancin ciki, mabiyiya tana kafuwa ne a saman mahaifa, nesa da hanyar da jariri zai fito. Amma a kusan mace 1 cikin 200 da cikinsu ya kai watan haihuwa, sai ta zauna ƙasa ta rufe bakin mahaifa. Alamarta jini ne ja jawur, ba ciwon mara, ba naƙuda, galibi bayan ciki ya tsufa. Mace na iya farkawa cikin dare ta tarar zaninta ya jiƙe sharkaf.

Cikin abubuwan da ke jawo wannan, tabo yana sahun gaba. Tiyatar haihuwa a ƙasan mahaifa ake yin ta, kuma wurin da aka yanka aka ɗinke ba ya komawa yadda yake. Wankin ciki da aikin cire ƙari su ma suna barin tabo. Mabiyiyar da aka gani a ƙasa a hoton ciki na wata 5 yawanci tana matsawa sama yayin da mahaifa ke buɗewa, amma naman da ke da tabo ba ya miƙewa sosai, sai ta tsaya inda take.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a kan tabo mabiyiya na iya nutsawa cikin naman mahaifa ta ƙi rabuwa bayan haihuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa cikin matan da mabiyiya ta tare musu hanya, kashi 3 cikin 100 ne suka gamu da haka a tiyatar farko, kashi 11 a ta biyu, kashi 40 a ta uku. Wani lokaci sai an cire mahaifar dungurungum ake tsayar da jinin.

Tiyata na ceton rai, babu dalilin gudunta. Abin da ke damuna shi ne matan da ke ɓoye cewa an taɓa yi musu aiki, su zauna gida don kada a ce sun gaza. A wurinmu da ake son zuri'a mai yawa, wannan ganganci ne. Wadda ke da tabo ta faɗa tun awon farko, a ɗauki hoton ciki, a maimaita wajen mako 32. In jini ya zo, kada ungozoma ko kowa ya sa hannu don dubawa, domin yatsa ɗaya na iya ɓalle jinin. A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye. In an tabbatar mabiyiya ta rufe hanya, likitoci kan sa ranar aiki tsakanin mako 36 da 37, tun naƙuda ba ta fara ba.