Bt a Gonakin Kudancin Kano: Me Ya Kawo Ta, Me Za Ta Haifar?

Daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi tsayi a jihar Kano, masara da wake na cikin abin da manomi ya fi dogara da shi. Tun 2016, da tsutsar masara 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Najeriya, feshi ya zama ɗawainiyar da ba ta ƙarewa. Tsutsar takan shige cikin ƙoƙon shuka, inda magani bai cika kai mata ba. Faɗuwar naira daga 2023 ta ƙara wa maganin tsada, ga kuma guba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari.

Wannan matsin ne ya jawo hankali kan ƙwayar bakteriyar da ake kira Bt, wadda ke rayuwa cikin ƙasa. Wani masani a Japan ya gano ta a 1901, aka fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa a 1938. Idan tsutsa ta ci sinadarinta, yakan huda mata hanji, ta daina ci, ta mutu bayan kwana biyu zuwa uku. Ƙudan zuma da mutane ba sa cikin waɗanda yake kamawa ta wannan hanya.

Hanya biyu Bt ke bi zuwa gona. Ta farko feshi ce, kuma tafiyarta ta hawainiya ce. Rana na lalata shi, sai da yamma ake fesawa, kuma ƙananan tsutsotsi yake ci sosai. Manomin da ya saba ganin ƙwaro ya faɗi nan take zai ɗauka an sayar masa da jabu.

Ta biyu ita ce sanya sinadarin cikin iri, kuma nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi fice. Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci samar da waken SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019 don yaƙar tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce feshi biyu ya isa, maimakon shida zuwa takwas. A 2024 kuma aka saki masarar TELA mai ɗauke da sinadarin Bt, ƙarƙashin Farfesa Rabi'u Adamu.

Ribar a fili take, amma tana da iyaka. Waken Samaru ba ya maganin ƙwarin da ke tsotse kwanso, ballantana masu huda wake a buhu, waɗanda saboda su 'yan kasuwa ke zuba guba. Masarar TELA kuwa aurarren iri ce, sai an saya kowace damina. Akwai kuma masu adawa da irin da aka sauya wa halitta, muhawarar da ta kai har Majalisar Wakilai a 2024.

Babban haɗarin shi ne tsutsa ta saba. Ya faru a Afirka ta Kudu da Brazil, inda aka shimfiɗa masarar Bt ba tare da barin isasshen fili na masarar gida a gefe ba. Wannan filin ne ke raya tsutsotsin da maganin ke iya kashewa, su gauraya da masu taurin kai, jurewar ta yi jinkirin yaɗuwa.

Don haka makomar Bt a wannan yanki tana hannun malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, da masu shagunan iri fiye da ɗakin bincike. Idan buhun iri ya isa Doguwa ba bayani, cikin 'yan shekaru manomi zai koma biyan kuɗin iri da na feshi a lokaci guda.