Shin Shugaban Amurka Zai Iya Kwance Sirrin Gwamnati da Ƙudurin Zuci?

Ranar 8 ga Agusta, 2022, jami'an hukumar FBI suka dira a Mar-a-Lago, gidan Donald Trump da ke jihar Florida, ɗauke da izinin bincike daga kotu. A lokacin ya fi shekara ɗaya da rabi da sauka daga mulki. Suka fito da akwatuna, a ciki har da takardu sama da 100 masu hatimin sirri. Bayan 'yan makonni, a wata hira da gidan talabijin na Fox News, Trump ya ce shugaban ƙasa ba ya buƙatar bin wani tsari kafin ya cire wa takarda hatimin sirri. Ko a ransa ya ƙudurta, shi ke nan an cire.

Mutane da yawa sun yi dariya, amma maganar ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Tsarin mulkin Amurka bai ce uffan a kan takardun sirri ba. A shekarar 1988 ne Kotun Ƙoli, a wata shari'a tsakanin rundunar sojan ruwa da wani ma'aikacinta mai suna Egan, ta ce ikon killace bayanan tsaro ya samo asali ne daga matsayin shugaban ƙasa na babban kwamandan askarawa. Ƙa'idojin sirrin ma ba majalisa ce ta rubuta su ba, umarni ne na shugaban ƙasa, kamar mai lamba 13526 da Barack Obama ya sa wa hannu a Disamban 2009, wanda ya kasa sirri hawa uku gwargwadon ɓarnar da fallasa shi zai jawo. Wanda ya kafa ƙa'ida da alƙalaminsa kuwa, yana iya warware ta da shi. A 1962 gwamnatin Kennedy ta baje hotunan leƙen asiri na makaman Tarayyar Sobiyat da ke Kyuba a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2004 George Bush ƙarami ya saki rahoton sirri na ranar 6 ga Agusta, 2001, wanda ya yi gargaɗin cewa Bin Laden na shirin kai hari cikin Amurka. Babu wanda ya ce sun taka doka.

To ina gizo ke saƙar? A wajen shaida. Takardar sirri ba guda ɗaya ba ce tal a aljihun shugaba. Bayanin da ke cikinta yana nan a ma'aikatar tsaro, yana hukumar CIA, wataƙila ma wata ƙasa ƙawa ce ta ba da shi amana. Idan shugaba ya cire hatimin a zuciyarsa bai gaya wa kowa ba, jami'in da ke riƙe da kwafi a wani ofis zai ci gaba da kulle nasa, ɗan jaridan da ya nemi takardar za a ci gaba da hana shi, sojan da ya fallasa ta za a ɗaure shi. Ashe ba a kwance komai ba ke nan. Abin da aka yi kawai shi ne ba wa mutum ɗaya kariya, kuma a ganina wannan ba shi ne manufar ikon ba.

Abin mamaki, gwamnatin Trump da kanta ce ta kafa wannan hujja a kotu. A 2017 Trump ya yi rubutu a Twitter game da kuɗin da ake ba 'yan tawayen Siriya. Jaridar New York Times ta ce ai shugaba ya riga ya tona, don haka CIA ta ba ta takardun. Lauyoyin gwamnati suka ƙi, kuma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, ta ce cire hatimin sirri, ko da shugaban ƙasa ne zai yi, sai an bi hanyoyin da aka shimfiɗa. A Oktoban 2020 Trump ya sake rubuta cewa ya ba da izinin sakin duk takardun binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓe. Da alƙali ya nemi bayani, shugaban ma'aikatan fadarsa, Mark Meadows, ya rantse a rubuce cewa wannan rubutu ba umarnin sakin takardu ba ne. Idan abin da shugaba ya rubuta duniya ta karanta bai isa ba, ina ga abin da ya raya a zuci?

Akwai kuma sirrin da tun asali ba daga umarnin shugaba ya fito ba. Dokar makamashin nukiliya ta 1954, wadda majalisa ta yi, ta ɗauki bayanan ƙera makaman nukiliya a matsayin sirri tun daga ranar da aka samar da su, ko an buga musu hatimi ko ba a buga ba. Sakin su aikin ma'aikatar makamashi ne, wani sashe kuma sai da haɗin kan ma'aikatar tsaro. Ɗaya daga cikin takardun da aka tuhumi Trump a kansu daga baya irin wannan ce.

Sannan ikon na kujera ne, ba na mutum ba. Da ƙarfe 12 na rana, 20 ga Janairu, yake komawa hannun magaji, wanda zai iya mayar da hatimin da aka cire. Trump ya san da haka: a wani faifan murya da aka naɗa a kulob ɗinsa na Bedminster a Yulin 2021, an ji shi yana nuna wa baƙi wata takarda, yana cewa da yana kan mulki da ya iya cire mata hatimi, amma yanzu ba zai iya ba.

Ko da an yarda ya cire, da sauran rina a kaba. Dokar takardun shugaban ƙasa ta 1978, wadda aka yi bayan badaƙalar Watergate ta zamanin Nixon, ta ce takardun aiki na fadar shugaba mallakar ƙasa ne, kuma hukumar adana kayan tarihi ce ke karɓar su ranar da ya sauka. Cire hatimi ba ya mayar da kayan gwamnati kayan gado. Ita kuwa dokar leƙen asiri ta 1917, wadda aka tuhume shi da ita, ta girmi tsarin hatimin kansa. Abin da take hukuntawa shi ne riƙe bayanan tsaron ƙasa ba bisa izini ba da ƙin mayar da su. An samu irin waɗannan takardu a gidajen Joe Biden da Mike Pence, tsohon mataimakin Trump, amma su sun miƙa, ba a kuma gurfanar da su ba.

Mai karatu zai so ya ji yadda kotu ta raba gardama. Ba ta raba ba. A Yunin 2023 mai gabatar da ƙara na musamman, Jack Smith, ya shigar da tuhuma 37, daga baya suka zama 40. Ranar 15 ga Yuli, 2024, mai shari'a Aileen Cannon ta kori ƙarar bisa dalilin cewa naɗin Smith ɗin ya saɓa wa tsarin mulki, ba tare da ta taɓa batun hatimi ba. Da Trump ya ci zaɓen Nuwamban 2024, masu ƙara suka janye ɗaukakar da suka yi a kansa, shari'ar ta mutu ba a saurari shaida ko ɗaya a kan ko ya cire hatimin ko bai cire ba.