Shirin Musamman: Manuel Pizarro, Daga Kasuwar Hannun Jari Zuwa Majalisa

Yau shirin namu zai leƙa ƙasar Sifaniya, mu kawo muku tarihin Manuel Pizarro, ɗan kasuwar da ya hango wahala tun tana nesa, ya faɗa a bainar jama'a, aka ƙi saurarensa.

An haifi Pizarro a shekarar 1951 a garin Teruel da ke yankin Aragon. Shari'a ya karanta, ya yi aikin lauyan gwamnati, daga baya ya koma dillancin hannun jari. A 1991 ya zama shugaban kasuwar hannun jari ta Madrid, ya riƙe bankin Ibercaja, sannan a 2002 aka damƙa masa Endesa, babban kamfanin wutar lantarki na ƙasar.

A nan ne sunansa ya fito. A watan Satumbar 2005 kamfanin Gas Natural na Barcelona ya taya Endesa, yuro 21 da ɗoriya kan kowane hannun jari. Pizarro ya ce albarka, domin a ganinsa an yi wa kamfanin tayin wulaƙanci. Aka shiga ja-in-ja har gaban kotu. Kamfanin E.ON na Jamus ya shigo ya ƙara kuɗi. Daga ƙarshe, a 2007, Enel na Italiya da Acciona na Sifaniya suka saya a kan sama da yuro 40, kusan ninki biyu na tayin farko. Masu hannun jari suka kwashi riba.

Wannan suna ne ya sa Mariano Rajoy, shugaban jam'iyyar adawa ta PP a lokacin, ya jawo shi siyasa a farkon 2008, ya sa shi na biyu a jerin 'yan takarar majalisa na Madrid. A watan Fabrairu aka haɗa shi muhawara a talabijin da ministan tattalin arziki, Pedro Solbes. Pizarro ya yi gargaɗin cewa ƙasar na fuskantar matsin tattalin arziki mai tsanani. Solbes kuwa, tsohon hannu a siyasa, ya kwantar wa jama'a hankali, ya ce tafiyar ce kawai ta ɗan yi sanyi. Ƙuri'un jin ra'ayi suka ba Solbes nasara, kuma a zaɓen 9 ga Maris gwamnatin Zapatero, wadda Solbes ke minista a cikinta, ta zarce.

To amma masu sauraro, rana ba ta ƙarya. Harkar gine-ginen gidaje da ta ɗauki nauyin tattalin arzikin Sifaniya ta durƙushe. Rashin aikin yi, wanda yake wajen kashi 8 cikin ɗari a 2007, ya haura kashi 26 a 2013. Kafin nan Pizarro ya riga ya ajiye kujerar majalisar da ya ci a wancan zaɓe, a 2010, ya koma harkarsa.

A ɗakin taron kamfani, alƙaluma sun ishe shi makami, domin masu hannun jari lissafi suke ji. Mai jefa ƙuri'a kuwa sai ka san hanyar zuciyarsa kafin ya ba ka kunnensa, kuma wannan sana'a ce daban da ba a koyon ta cikin wata biyu. Sai dai mu ma masu zaɓe akwai namu alhakin: idan mai kawo labari mara daɗi ya tsaya gabanmu, mu auna maganarsa kafin mu auna iya bakinsa.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.