Me ya sa haɗa bidiyo a waya ke ɓata wa mutane rai?

Ɗaukar bidiyo a yau ba wuya. Wahalar tana farawa ne idan aka zo yanke shi. Mai shagon atamfa a Garwa da ke son tallata kayansa, ko matashin da aka bar wa bidiyon bikin ƙanwarsa a Njamena, kan buɗe CapCut ko KineMaster da niyyar gamawa cikin minti goma, sai dare ya raba bai gama ba. Da yawa suna zargin kansu, alhali galibin matsalar daga tsarin manhajar take.

Waɗannan manhajoji sun gaji fasalinsu ne daga na ƙwararru, inda ake jera guntayen bidiyo da sauti a kan dogon layi daga hagu zuwa dama. An tsara wannan ne don faffaɗan allon kwamfuta. Da aka matse shi a allon waya, sai yatsa ya riƙa rufe daidai wurin da ake son yankewa. Ga shi kuma jerin maɓallan da ke ƙasa yana sauyawa gwargwadon abin da aka taɓa. Shi ya sa mutum zai rantse ya ga almakashi yanzun nan, amma ya ɓace.

Abu na biyu ya fi ciwo. Manhajar ba ta yanka ainihin bidiyon, umarni kawai take adanawa: fara daga nan, tsaya a can. Sabon bidiyo ba ya samuwa sai an danna maɓallin fitarwa, wanda ke ɗauke da «Exporter» a wayoyin da ke kan Faransanci. Wanda wayarsa ta cika ya goge na asali kafin nan, yana iya tarar da aikinsa fayau.

Sai batun kuɗi. Ana cakuɗa kayan ado na kyauta da na biya a wuri guda, wani lokaci sai an zo fitarwa ake neman kuɗin wata, ko a manna tambarin kamfani a kan hoton. Biyan kuma yakan buƙaci katin banki, abin da ba kowa ke da shi ba.

Mai rubuta Hausa yana da ƙarin nasa. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Ko su fito kamar akwati, ko a haƙura da su, «ƙasa» ta koma «kasa».

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 2007 kamfanin Apple ya sauya fasalin iMovie gaba ɗaya, har ya bar tsohon a matsayin kyauta ga masu son komawa gare shi. A 2011 ya fitar da Final Cut Pro X, wanda bai iya buɗe ayyukan da aka yi da tsohuwar manhajar ba, dubban masu sana'ar suka sa hannu a takardar koke.

Kafin kamfanoni su gyara, akwai abin yi. Kada a goge bidiyon asali sai an fitar da sabon an kalle shi. A gwada fitar da daƙiƙa goma tun farko don a ga ko za a nemi kuɗi. A jarraba haruffa masu lanƙwasa kafin a rubuta dogon bayani. Idan kuma aikin biki ne da aka karɓi kuɗinsa, a dakatar da sabunta manhajar har sai an miƙa shi.